Jack Swigert

John Leonard Swigert Jr., wanda aka fi sani da Jack Swigert (an haife shi ranar 30 ga Agusta, 1931, ya mutu ranar 27 ga Disamba, 1982), ɗan sama jannati ne ɗan ƙasar Amurka, matuƙin jirgin yaƙi, injiniya kuma ɗan siyasa. Yana cikin mutum 24 da suka yi tafiya zuwa duniyar wata a ƙarƙashin shirin Apollo na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA. Shi ne matuƙin babban kumbon Apollo 13 a watan Afrilun 1970, tafiyar da tankin iskar oksijin ya fashe a cikinta ana kan hanya, har aka fasa sauka a wata. Muryarsa ce ta fara sanar da cibiyar kula da tafiyar da ke Houston cewa an samu matsala, kuma muryarsa aka fara ji bayan kumbon ya ratso iskar duniya a ranar dawowa.

Swigert ya yi aiki a ɓangarori biyu na layin sadarwar da ke haɗa ƙasa da kumbo. Ya zauna a kujerar mai magana da 'yan sama jannati a Houston a 1968, sannan bayan shekara ɗaya da rabi ya zama wanda ake karanta wa umarni daga wannan kujera, a lokacin da ransa da na abokan tafiyarsa biyu suka rataya a kan abin da ake faɗa musu ta rediyo. An zaɓe shi ɗan majalisar wakilan Amurka a 1982, amma ciwon daji ya kashe shi kafin a rantsar da shi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Swigert a birnin Denver na jihar Colorado. Mahaifinsa likitan ido ne. Tun yana ɗan shekara 14 sha'awar tuƙin jirgin sama ta kama shi, ya riƙa raba jaridu gida-gida yana tara kuɗin koyon tuƙi, kuma yana da shekara 16 ya samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgi. Ya kammala makarantar sakandare a Denver a 1949.

Ya samu digirin farko a fannin injiniyancin injuna daga Jami'ar Colorado a 1953, inda ya kuma buga wa jami'ar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka. Daga baya, yana cikin aiki, ya ƙara digiri na biyu a kimiyyar jiragen sama da na sararin samaniya daga Kwalejin Rensselaer a 1965, da wani digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci daga Jami'ar Hartford a 1967.

Aikin soja da gwajin jirage

Bayan jami'a ya shiga rundunar sojin saman Amurka, ya yi aiki daga 1953 zuwa 1956. An tura shi Japan da Koriya ta Kudu a matsayin matuƙin jirgin yaƙi. Da ya bar aikin soja na dindindin sai ya ci gaba da tuƙi a rundunar sojin sama ta ko-ta-kwana, a jihar Massachusetts sannan a Connecticut, har zuwa 1965.

A wannan tsakani ya zama matuƙin gwajin jirage, wato wanda ke tashi da sabon jirgi ko sabon inji domin a gano lahaninsa kafin a amince da shi. Ya yi wa kamfanin Pratt & Whitney aiki daga 1957 zuwa 1964, sannan ya koma North American Aviation, kamfanin da ke ƙera babban kumbon Apollo. Ya tara sa'o'in tashi fiye da 7,000.

Shiga NASA

Swigert ya nemi shiga sahun 'yan sama jannati har sau biyu ba a ɗauke shi ba. A karo na uku, a watan Afrilun 1966, ya shiga cikin mutum 19 na rukuni na biyar da NASA ta zaɓa. Yawancin takwarorinsa burinsu su taka ƙasar wata, shi kuwa sai ya duƙufa a kan babban kumbon da ke kai mutane ya dawo da su. Yana cikin waɗanda suka rubuta matakan da ma'aikatan kumbo za su bi idan wata na'ura ta lalace a sararin samaniya. Wannan sani ya yi masa rana daga baya.

Yadda ƙasa ke magana da kumbo

Ba za a fahimci rawar da Swigert ya taka ba sai an san tsarin sadarwar da ya yi aiki a cikinsa. A ɗakin kula da tafiya na Houston akwai injiniyoyi da dama, kowa da abin da yake sa wa ido: wutar lantarki, iskar shaƙa, hanyar da kumbon ke bi, kwamfuta, lafiyar ma'aikata. Dukkansu suna ƙarƙashin daraktan tafiya, wanda ke yanke hukunci na ƙarshe. Amma a ƙa'ida mutum ɗaya ne kaɗai ke magana da waɗanda ke cikin kumbo, ana kiransa CAPCOM a taƙaice, ma'ana mai magana da kumbo. Injiniya zai kai buƙatarsa ga darakta, darakta ya amince, sannan CAPCOM ya isar. An yi haka ne don kada muryoyi su yi yawa a kunnen matuƙi, ko ya samu umarni biyu masu karo da juna. A zamanin Apollo ɗan sama jannati ake ɗorawa a wannan kujera, saboda ya san cikin kumbon, ya san kalmomin da ake amfani da su, ya kuma san lokacin da ya kamata a yi shiru a ƙyale matuƙi ya yi aiki.

Muryar CAPCOM ba daga Houston take tashi kai tsaye zuwa sama ba. Tana bi ta layukan waya na ƙasa, da na ƙarƙashin teku, da taurarin ɗan'adam, ta hanyar cibiyar Goddard da ke jihar Maryland, zuwa tashar da ke fuskantar kumbon a wannan lokaci. Da yake duniya na juyawa, an kafa manyan eriyoyi uku masu siffar faifai, kowanne faɗinsa mita 26, a wurare masu nisa da juna: Goldstone a Kalifoniya, kusa da Madrid a Sifaniya, da Honeysuckle Creek kusa da Canberra a Ostireliya. Kafin wata ya faɗi a ɗaya, ya riga ya fito a wata. A shirye-shiryen Mercury da Gemini da suka gabaci Apollo, inda kumbo ke zagaya duniya a kurkusa, an dogara ne da jerin ƙananan tashoshi masu yawa, kuma ɗaya daga cikinsu tana Kano a Najeriya. John Glenn ya yi magana da ita lokacin da yake zagayen duniya a 1962.

Don tafiyar wata an haɗa murya, hoton talabijin, bayanan lafiyar injuna, umarnin da ake aika wa kwamfuta da ma'aunin nisa duk a kan zangon rediyo ɗaya mai kusan gigahaz 2. Saƙon rediyo na gudu ne da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 1.3 kafin ya kai wata, tambaya da amsarta kuma su ci fiye da daƙiƙa biyu da rabi. Ɗan ƙaran nan da ake ji a farko da ƙarshen maganar CAPCOM a tsofaffin faya-fayan Apollo sigina ce da ke kunna na'urar watsawa ta tasha mai nisa, ta kuma kashe ta. Akwai lokuta biyu da sadarwa ke yankewa ba makawa: idan kumbo ya shiga bayan wata, da kuma lokacin da yake kutsowa cikin iskar duniya.

Swigert yana cikin ma'aikatan tallafi na Apollo 7, tafiya ta farko da aka yi da mutane a kumbon Apollo, daga 11 zuwa 22 ga Oktoba, 1968, kuma yana cikin waɗanda suka riƙe kujerar CAPCOM. An san wannan tafiya da sa-in-sar da aka yi ta yi tsakanin kwamandanta Wally Schirra da mutanen ƙasa, bayan mura ta kama ma'aikatan kumbon kuma aka riƙa ƙara musu ayyuka.

Apollo 13

Asali Swigert ɗan jiran ko-ta-kwana ne a Apollo 13. Waɗanda aka tsara za su tafi su ne Jim Lovell a matsayin kwamanda, Fred Haise matuƙin ƙaramin kumbon sauka a wata, da Ken Mattingly matuƙin babban kumbo. Ana saura 'yan kwanaki a tashi sai aka gano cewa Charlie Duke, wanda suke atisaye tare, ya kamu da rubella, wani nau'in ƙyanda, kuma gwajin jini ya nuna Mattingly ba shi da kariya daga cutar. Likitoci suka ji tsoron kada ta kama shi a can kusa da wata. Aka gwada Swigert tare da Lovell da Haise a na'urar atisaye, aka gamsu, aka ba shi kujerar. Mattingly bai kamu da cutar ba, daga baya ya je wata a Apollo 16.

Rokar Saturn V ta tashi daga cibiyar Kennedy a jihar Florida ranar 11 ga Afrilu, 1970. An raɗa wa babban kumbon suna Odyssey, ƙaramin kuma Aquarius. Saboda gaggawar da aka yi wajen sauyin, Swigert ya manta bai miƙa takardun harajinsa na shekara ba, alhali wa'adin zai cika ranar 15 ga Afrilu. Ya faɗa wa Houston haka ta rediyo, ɗakin ya kaure da dariya, daga baya aka shaida masa cewa an ƙara masa kwana 60 tunda ba ya cikin ƙasar.

Fashewar tanki

A daren 13 ga Afrilu agogon Amurka, kimanin sa'a 56 da tashi, kumbon na nisan kusan kilomita 330,000 daga duniya. Ma'aikatan sun gama wani shirin talabijin ke nan. Injiniyan da ke kula da wuta da iska, Sy Liebergot, ya nemi a kunna fankokin da ke motsa oksijin da haidirojin a cikin tankuna domin ma'auni ya nuna daidai. Darakta Gene Kranz ya amince, CAPCOM Jack Lousma ya isar, Swigert ya danna makunnan. Bayan kimanin minti ɗaya da rabi aka ji ƙara mai ƙarfi, kumbon ya girgiza, sadarwa da ƙasa ta yanke na daƙiƙa 1.8 kafin eriyar ta sauya saiti da kanta ta dawo. Swigert ya sanar da Houston cewa an samu matsala. Lousma ya nemi a maimaita, sai Lovell ya maimaita, ya ƙara da cewa ƙarfin wuta ya faɗi a ɗaya daga manyan layukan lantarki.

Da farko mutanen ƙasa sun zaci na'urorin aune-aune ne ke ba da bayanin ƙarya, domin abin da suke gani a allo ya yi kama da lalacewar abubuwa da yawa lokaci guda. Rahoton baki ne ya warware shakka: Lovell ya leƙa taga ya ce yana ganin wata iska na fita daga jikin kumbon. Tanki na biyu na oksijin ya fashe, na ɗaya kuma yana yoyo. Babban kumbon na samun wuta da ruwa ne daga na'urori uku da ke haɗa oksijin da haidirojin, saboda haka ƙarewar oksijin na nufin ƙarewar wuta da ruwa da iskar shaƙa.

Aka yanke shawarar fasa sauka a wata, a mayar da Aquarius mafaka. Lovell da Haise suka shiga kunna shi, Swigert ya tsaya a Odyssey yana kashe na'urori ɗaya bayan ɗaya don a adana ƙananan baturan da za a buƙata ranar dawowa. Kafin ya kashe kwamfutar sai da ya karanta wa Lovell lambobin da ke nuna inda kumbon ya fuskanta, Lovell ya yi lissafin mayar da su ga kwamfutar Aquarius, ya kuma nemi Houston ta duba masa lissafin. Ba a taɓa kashe babban kumbo gaba ɗaya a sararin samaniya ba kafin wannan rana.

Kwana huɗu a kan layin rediyo

An ƙera Aquarius ne don ya riƙe mutum biyu na kusan kwana biyu. Yanzu zai riƙe uku na kusan kwana huɗu. Aka kashe duk abin da ba dole ba, har da rage ƙarfin na'urar watsa rediyo, abin da ya sa muryar ma'aikatan ta riƙa zuwa a raunane cikin hayaniya. NASA ta nemi taimakon manyan eriyoyi masu faɗin mita 64, na Goldstone da na Parkes a Ostireliya. An kuma samu wata tangarɗa: ɓangare na uku na rokar, wanda shi ma ke kan hanyar wata, yana watsa sigina a zango ɗaya da Aquarius, abin da bai gushe ba sai da ɓangaren ya faɗa kan wata kamar yadda aka tsara.

Kumbon ba shi da na'urar karɓar rubutu ko zane daga ƙasa. Duk wani sabon tsari da injiniyoyi suka ƙirƙira sai CAPCOM ya karanta shi layi-layi, ɗan sama jannati ya rubuta da hannu, ya sake karanto shi don a tabbatar babu kuskure. Da haka aka gyara hanyar kumbon ya zagaya bayan wata, inda ya kai nisan kilomita 400,171 daga duniya, nisan da babu ɗan'adam da ya taɓa kaiwa kafin lokacin. Da haka kuma aka kunna injin Aquarius na fiye da minti huɗu don gaggauta dawowa. A wani gyaran hanya da aka yi da hannu, kwamfuta a kashe, Lovell da Haise suka riƙe saitin kumbon, Swigert kuma ya riƙe agogo yana ƙirga daƙiƙa 14.

Iskar da mutum uku ke fitarwa ta fara taruwa, domin matatun Aquarius masu siffar da'ira sun kusa ƙarewa, na Odyssey kuwa masu kusurwa huɗu ne, ba sa shiga gurbin. Injiniyoyi ƙarƙashin Ed Smylie suka haɗa wata dabara da abubuwan da ke cikin kumbon kawai: leda, kwali, bututun rigar sama jannati da salatif. CAPCOM Joe Kerwin ya shafe kusan sa'a guda yana karanta matakan, Swigert da Haise suka haɗa, gurɓatacciyar iskar ta ragu nan take.

Sanyi a cikin kumbon ya sauko zuwa kusan digiri 3 a ma'aunin Salshiyos. An taƙaita ruwan sha zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na lita ga kowane mutum a rana. Ƙafafun Swigert sun jiƙe lokacin da yake ɗura ruwa a jakunkuna, kuma ba shi da manyan takalman taka wata kamar abokansa. Haise ya kamu da ciwon mafitsara.

Aiki mafi wuya ya faɗo kan Swigert: sake tayar da Odyssey bayan ya kwana uku a sandare, raɓa ta lulluɓe allunansa, da ɗan abin da ya rage a batura. John Aaron da wasu injiniyoyi suka tsara jerin matakan, Mattingly ya gwada su a na'urar atisaye, sannan ya hau rediyo ya karanta wa mutumin da ya maye gurbinsa. Karatun da rubutun sun ci kusan sa'a biyu. Da yake ya san gajiya ta yi masa yawa, Swigert ya manna takardar gargaɗi a kan makunnin da ke raba Aquarius da Odyssey, don kada ya taɓa shi bisa kuskure alhali abokansa na ciki.

Dawowa

Ranar 17 ga Afrilu suka yar da ɓangaren da ya lalace, suka ga cewa bango guda na jikinsa ya yaye gaba ɗaya. Sannan suka koma Odyssey suka saki Aquarius. Idan kumbo ya kutso iskar duniya da gudu, zafi kan mayar da iskar da ke kewaye da shi wani lulluɓi da rediyo ba ya ratsawa. An saba yin shiru na kusan minti huɗu. A wannan karo ya kai kusan shida, kuma babu wanda ya san ko fashewar ta taɓa garkuwar zafi. Kerwin ya yi kira, sai Swigert ya amsa. Kumbon ya sauka a kudancin tekun Fasifik, kusa da tsibiran Samowa, jirgin ruwan yaƙi Iwo Jima ya kwashe su. Tafiyar ta ɗauki sa'a 142 da minti 54. Washegari Shugaba Richard Nixon ya ba su ukun lambar yabo ta 'yanci, mafi girma da ake ba farar hula a Amurka, ya kuma ba ma'aikatan ƙasa irinta.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Edgar Cortright ya gano cewa tun a ƙasa tankin ya samu lahani. Makunnan da ke kare shi daga zafi an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 28, amma aka yi amfani da bolt 65 lokacin wani gwaji, suka narke suka manne, zafi ya ƙona rufin wayoyin ciki. Kunna fanka ya haifar da tartsatsi a cikin oksijin. Babu laifin Swigert, wanda ya bi umarnin da aka saba bayarwa.

Barin NASA da siyasa

Swigert bai sake zuwa sararin samaniya ba. An sa ran zai shiga tafiyar haɗin gwiwa ta Apollo da Soyuz da Tarayyar Sobiyet, amma binciken badaƙalar ambulan da kan sarki na Apollo 15 a 1972 ya biyo ta kansa. An gano ya sa hannu a kan wasu kan sarki don wani dillali Bajamushe. Da farko ya musanta, daga baya ya amsa, aka cire sunansa daga waɗanda ake dubawa.

A 1973 ya koma Washington a matsayin babban daraktan ma'aikatan kwamitin kimiyya da sararin samaniya na majalisar wakilai. Ya ajiye aikin NASA a 1977. A 1978 ya nemi takarar sanata daga Colorado a jam'iyyar Republican, Bill Armstrong ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Ya yi aiki da kamfanoni masu zaman kansu, sannan a 1982 ya tsaya takarar sabuwar mazaɓa ta shida ta Colorado.

Ciwo da mutuwa

Ana cikin yaƙin neman zaɓe aka gano ciwon daji a cikin hancinsa. An yi masa tiyata, amma cutar ta bazu zuwa ɓargo. Ya bayyana wa masu zaɓe halin da yake ciki, ya ci gaba da takara, ya ci zaɓen ranar 2 ga Nuwamba, 1982. Ya mutu a asibitin Jami'ar Georgetown da ke Washington ranar 27 ga Disamba, 1982, yana da shekara 51, saura mako ɗaya ya kama aiki. An binne shi a maƙabartar Mount Olivet kusa da Denver. Bai taɓa aure ba.

Tunawa da shi

A 1997 jihar Colorado ta ajiye mutum-mutuminsa sanye da rigar sama jannati a ginin majalisar dokokin Amurka, inda kowace jiha ke da damar karrama mutum biyu. Akwai irinsa a filin jirgin saman Denver. Akwai lambar yabo ta binciken sararin samaniya da wata makaranta a Colorado Springs masu ɗauke da sunansa. A fim ɗin Apollo 13 na 1995, Kevin Bacon ne ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya shahara da kalaman sanar da matsalar daga bakin Lovell, amma faifan muryar tafiyar ya nuna Swigert ne ya fara faɗa.